Kuɗin Guminka Ba Ya Neman Takardar Ɗan Asali

'Yan'uwa, yawancin gidajenmu daga Dagona zuwa Gashuwa da Nguru suna ci ne daga aikin ɗan lokaci: yankan shinkafa a fadama, sarar kacala a bakin ruwa, leburancin gini, dakon buhuna a kasuwa, gadin kayan ɗan kwangila. Koken da ya fi yawan zuwa wa ƙungiya iri ɗaya ne. An ɗauki mutum da baki, ya yi sati biyar ko shida, wata safiya shugaban lebura ya ce masa kada ya dawo, kuɗin satin ƙarshe kuma a ce sai Alhaji ya zo. Mutumin sai ya haɗiye, yana cewa mu baƙi ne, kada mu tada ƙura a garin mutane. A ganinmu wannan shirun ya fi korar kanta cutar da mu.

Bari mu fara da abin da ba shi da daɗin ji. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ba ta hana mai aiki sallamar ma'aikaci ba. Abin da sashe na 11 ya ɗora masa shi ne ya ba da notis. Wanda aikinsa bai wuce wata 3 ba, notis ɗinsa kwana 1 ne kacal. Wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, sati 1 ne, kuma a rubuce. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5 sati 2, daga shekara 5 zuwa sama wata 1. Idan ba a ba da notis ba, sai a biya kuɗin kwanakin a madadinsa, sai fa in babban laifi mutum ya yi, kamar sata. Kwana ɗaya ba wani abu ba ne, mun sani, kuma shi ya sa wasu masu wayo ke sallamar mutum kafin ya cika wata uku, bayan 'yan kwanaki su sake ɗaukarsa a matsayin sabo. Haka ma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai shafi wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, bai kuma shafi aikin kaka irin na gona ba. Kada wani ya ruɗe ku da shi.

To amma kuɗin kwanakin da ka riga ka yi, wannan babu wanda doka ta ba ikon riƙewa. Ko da laifi aka kore ka, ranakun da ka yi aiki naka ne. Dokar ta ce a gama biyan ma'aikaci kafin wa'adin notis ya cika, ba a ce sai an sayar da shinkafa ko sai gwamnati ta biya ɗan kwangila ba. Sashe na 5 kuma ya hana mai aiki ya ci ma'aikaci tara don ra'ayin kansa. In ya ce ka karya shebur ko ka ɓatar da buhu, ba zai yanke daga ladanka ba sai da amincewar jami'in ƙwadago. Wanda aka yi da shi cewa aikin wata biyu ne cur, aka tsayar da shi a tsakiya ba tare da laifi ba, shi ma yana da hujjar tada maganar sauran kwanakin, gwargwadon abin da aka yi alkawari.

Ku lura da wani abu. Dokar nan ta san yarjejeniyar baki kamar yadda ta san ta takarda, kuma ba ta tambayi garin kakan ma'aikaci ba. Takardar shaidar ɗan asali da ke ba 'ya'yanmu wahala wajen neman makaranta da aikin gwamnati ba ta da wurin zama a maganar lada. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya so, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asalin gari. Mu faɗi gaskiya kuma, wasu daga cikin masu riƙe ladan nan 'yan'uwanmu ne Hausawa, don haka kada a mai da abin rigimar ƙabila da maƙwabtanmu Badawa da Mangawa, waɗanda leburorinsu ke shan irin wannan wahala.

Inda muke faɗuwa kullum shi ne shaida. A ce kwana nawa ka yi, sai ka ce tun kafin sallah. Wannan ba ya kama kowa. Mu da muka zauna ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemu mun san cewa ƙaramin littafi ya isa: ranar da ka fara, sunan wanda ya ɗauke ka, nawa aka yi a yini, nawa aka ba ka, wa ke tsaye a wurin. Da boko ko da ajami duk ɗaya ne, wanda bai iya ba ɗansa ya rubuta masa kowane dare. Saƙon waya da shaidar turo kuɗi ta banki kada a goge su. Wanda ya kai wata 3 a wuri guda, sashe na 7 ya wajabta a ba shi takardar sharuɗɗan aiki, ya nema cikin ladabi.

Idan abin ya faru, kada mutum ya yi zagi, kada kuma ya ɗauke kayan aiki ya ce jingina ne, domin nan take maganar lada za ta koma maganar 'yan sanda. Ya zo da littafinsa da shaidu biyu, dattawanmu su raka shi wurin mai aikin, in ta ƙi a je gaban bulama ko lawani. Yawanci nan ake gamawa. In ba a gama ba, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a a Damaturu. Hukumar koke ba ta karɓar kuɗi, amma tana so a kai ƙara cikin wata 12. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita ce gyaran tsarin mulki na 2010 ya damƙa wa shari'ar aiki, sai dai kuɗin mota kaɗai zai iya cinye ladan sati biyu. Saboda haka waɗanda aka sallama tare su haɗa kokensu a takarda ɗaya, kowa da kwanakinsa da kuɗinsa a gaban sunansa, a kawo wa sakatare a tura mutum guda.