Fim a Karɓa ta Xender, Manhaja Kuwa Sai Play Store

A garuruwan bakin iyaka irin su Lafagu, Tsamiya da Lolo a ƙaramar hukumar Bagudo, ba kowane matashi ne ke ƙona datarsa wajen sauke fim ba. Mutum ɗaya zai dace da sabis mai ƙarfi ya sauke sabon Labarina ko Izzar So, kafin la'asar ya zagaya wayoyin majalisa ta Xender. Wanda bai samu ba ya leƙa rumfar mai caji, a cika masa memori da waƙoƙin Hamisu Breaker da na Ado Gwanja. Duk wanda ya san tsadar data ya san dalilin haka, balle tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su yi ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ta wannan hanyar ce kuma ake tura manhaja. Fim da manhaja kuwa ba ɗaya ba ne. Fayil ɗin da sunansa ya ƙare da mp4 ko mp3, kunna shi kawai waya ke yi. Wanda ya ƙare da apk, da zarar an ɗora shi ya zama ma'aikaci a cikin wayar, yana neman izinin karanta saƙonni, duba lambobi, har da ganin abin da ke kan allo. Mai waya yana sauri, sai ya yi ta danna amincewa ba tare da ya karanta ba.

Babban misali shi ne GB WhatsApp da 'yan uwansa. Matasa na son su saboda ɓoye alamar an karanta saƙo da ganin saƙon da aka goge. To amma ba kamfanin Meta ne ya yi su ba. Wani ne ya farke manhajar asali, ya cusa abin da ya ga dama, ya sake ɗinke ta, kuma mai amfani ba shi da hanyar sanin abin da aka cusa. WhatsApp ma ya sha bayyana cewa yana rufe layin da ya kama da irin waɗannan manhajoji. Manhajar da ke iya karanta saƙon tes, tana iya karanta lambar sirrin da banki ke turowa don tabbatar da fitar kuɗi.

A yankin Bagudo abin ya fi haɗari, domin waya ɗaya ce ke ɗauke da harkar ƙasa biyu. Ɗan kasuwar da ke shiga Segbana ko Malanville yakan riƙe layin Najeriya mai +234 da na Benin mai +229, ga asusun OPay ko Moniepoint na naira, ga na MoMo na sefa. Wayar nan ita ce shagonsa, ita ce littafin bashinsa. Ko a ƙarshen Nuwamban 2024, lokacin da Benin ta mayar da lambobinta guda 10 ta hanyar ƙara 01 a farko, duk manhajar da za ta gyara wa mutum lambobinsa sai ya buɗe mata su gaba ɗaya. Idan ba a san wanda ya rubuta ta ba, an miƙa wa baƙo sunayen abokan ciniki ke nan.

Wani zai ce ai a Play Store ma ana samun gurɓatattun manhajoji, kuma saukewa daga can na cin data. Duka gaskiya ne. Sai dai a can ana tantancewa, ana cire wadda aka kama, sannan gyaran tsaro na zuwa daga ainihin masu manhajar. Ta hannun aboki kuwa, shi kansa bai san hannu nawa ta bi ba kafin ta iso gare shi. Batun data kuma, yawancin manhajojin yau da kullum ba su kai nauyin fim ɗaya ba, ga irin su Facebook Lite da aka yi musamman don ƙananan wayoyi.

Matakan kariyar ba su da wuya. A duba ƙarshen sunan fayil kafin a buɗe. Fim ɗin da ya zo da apk ba fim ba ne. A shiga saitin waya a janye wa Xender da Chrome izinin ɗora manhaja daga waje. A bar Play Protect a kunne. A saka wa WhatsApp lambar tsaro ta biyu, kuma lambobi 6 da yake turowa ta tes kada a karanta wa kowa, ko da ya ce daga kamfani yake kira.

Masu rumfar caji da turi su ma akwai amana a wuyansu, tunda yawancin masu kawo musu waya ba sa tambayar me aka zuba. Su tura fim da waƙa, manhaja kuwa su buɗe Play Store a gaban mai ita. Araha ba ta ado: datar da aka yi tsimi yau ba za ta biya jarin da aka kwashe gobe ba.