JIRGIN ROBA NA MAI FATSA NE, BA NA FITO BA

Duk wanda ya san Kongolam ya san gari ne na bakin iyaka a Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa, bisa hanyar da ta tashi daga Daura ta nufi Damagaram. Ƙasa ce ta jigawa da gero da kiwo, ba ta manyan koguna ba. Saboda haka mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa mutumin Kongolam da zancen jirgin ruwa? Amsa ita ce, tun da aka gina madatsun ruwa na Sabke da Daberam a ƙasar Daura, su ya zama hanyar neman abinci ga mutane da dama, cikinsu har da waɗanda ba su gaji ruwa ba. Ga kuma tafkuna da kududdufai da ke cika kowace damina. Wanda bai gaji ruwa ba kuwa, shi ya fi kowa bukatar shawara kafin ya zaɓi abin da zai hau.

A 'yan shekarun nan wayar hannu ta nuna wa ma'aikata da 'yan makaranta wani irin ƙaramin jirgi na roba, wanda masu kamun kifi da fatsa suke hawa a Amurka da ƙasashen Turai. A gari irin Kongolam, inda fatake ke kai da kawowa dare da rana, abin da ido ya gani yau ba ya daɗewa bai iso kasuwa ba. Don haka muka ga ya kamata a yi magana tun kuɗi suna aljihu, domin rigakafi ya fi magani.

Shi wannan jirgi manyan bututu biyu ne na roba da ake hura wa iska da famfo, aka haɗa su da ƙarafa, aka ɗora kujera guda a tsakiya, da filafili biyu, ɗaya dama ɗaya hagun. Tsawonsa yakan kai mita 2 da rabi zuwa 3. In an sace iskar aka kwance ƙarafan, sai a naɗe shi a ɗaure bayan babur. Mutum ɗaya aka yi wa shi, da sandar fatsarsa da ɗan kwandon kifinsa.

Ba za mu hana shi haƙƙinsa ba, yana da amfani. Kwalekwale sai da babban icce, irin su maɗaci, a ƙasar Daura kuwa irin wannan icce ya yi wuya, dole a kawo katako daga nesa da tsada. Sa'an nan kwalekwale yana kwana a bakin ruwa, jirgin roba kuwa yana kwana a ɗakin mai shi. In aka gwada shi da gora, wadda masunta suke kifawa su hau da ƙirji kamar yadda ake gani a bikin kamun kifi na Argungu, shi ma nan yana da fifiko, gama yana ɗaga jikin mutum daga ruwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a ruwan da ke kwance ne ake ɗaukar cutar tsargiya, wadda ƙwayoyinta ke fita daga jikin wasu ƙananan dodon-koɗi su shiga ta fata.

Amma fa jirgin an ƙera shi ne don wata ƙasa dabam da tamu. Wanda ya yi niyyar saye, akwai abubuwa huɗu da ya wajaba ya auna.

Na farko, rana. Daga Maris zuwa Mayu zafi a ƙasar Daura yakan wuce awo 40. Iskar da aka ɗure cikin roba tana kumbura in ta ji zafi, watau jirgin da aka hura tam da asuba aka bari a kan tudu, kafin azahar yana iya yagewa ta wajen haɗi. Yawancin masu araha da robar PVC ake yin su, ita kuwa hasken rana yana cinye ta sannu a hankali, gam ɗin da aka liƙe ta da shi kuma yana saki. Waɗanda aka narka gefensu aka haɗe da wuta sun fi na gam ƙarko, na robar Hypalon kuma sun fi jimrin rana, sai dai sun fi tsada ƙwarai. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado. Kowane iri mutum ya saya, ya riƙa rage iska in rana ta take, ya kuma ajiye shi a inuwa, inda ɓera ba zai kai gare shi ba.

Na biyu, ƙaya. Sunan Mai'aduwa kansa ya isa gargaɗi. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa da farar ƙaya suna warwatse a bakin kowane tafki, ga kuma kututturan da ruwa ya rufe tun lokacin da aka datse shi. Kifin ma kansa yana da makami. Kowane masunci ya san ƙayar ƙurungu, wadda ke miƙewa ta kafe, da ta gefen tarwaɗa. To, lalle a nemi jirgin da ke da riga mai kauri a waje da wata jakar iska a ciki, kuma kowane bututu ya zamana an raba shi gida biyu, don in ɗaya ya huje ɗayan ya riƙe mutum har gaɓa. A tambayi mai sayarwa kayan faci da famfo da bakin hurawa na canji. Gam ɗin mai facin taya ba ya kama irin wannan roba yadda ya kamata, kada a dogara da shi.

Na uku, iska. Jirgin roba ba shi da nauyi, kuma bisa fuskar ruwa yake zaune, ba ya nutsa cikinsa kamar kwalekwale. Iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas tana iya kora shi tsakiyar madatsa mai shi yana tuƙi a banza. Guguwar da ke gabatar hadarin farkon damina ta fi wannan muni. Wanda ya hau shi, ya tsaya kusa da gaɓa, ya tanadi igiya da abu mai nauyi na tsai da jirgi, kada kuma ya kusanci inda ruwa ke zuba daga madatsa. In hadari ya haɗo, kifi ya jira gobe.

Na huɗu, kuma shi ne babba, nauyi. Kowane jirgin kirki an rubuta a jikinsa iyakar abin da zai ɗauka, na mutum ɗaya kuwa yawanci bai wuce kilo 180 ba, har da mahayin da kayansa. Wanda ba a rubuta masa kome ba, a bar wa mai shi. Jan taru ko kalli mai cike da ruwa da kifi ba aikin wannan jirgi ba ne. Jefa birgi ma sai mutum ya miƙe tsaye, shi kuwa ba a yi shi don tsayuwa ba.

Nan ne tsoronmu yake. Mun san halinmu. Babur da aka yi don mutum biyu muna ɗora masa biyar, motar fasinja tara muna cusa mata goma sha biyar. A kan hanya, in taya ta fashe, wani lokaci akan tsira da rauni. Ruwa kuwa ba ya ba da wannan dama. Ranar da yara suka taru a bakin tafki da kuɗin yawon Salla a hannu, mai jirgin roba zai ga ciniki, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Ba tatsuniya muke yi ba. A watan Mayu na 2022, cikin hidimar Ƙaramar Salla, wani kwalekwale ya kife a nan Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa, mutane fiye da 10 suka rasu, yawancinsu yara. Kafin wannan, a watan Nuwamba na 2021, jirgi ya nutse a madatsar Watari ta Bagwai a Jihar Kano, aka rasa rayuka 29 ko fiye, mafi yawansu 'yan makarantar Islamiyya, hukuma kuma ta ɗora laifin a kan lodi fiye da kima. Waɗannan jiragen ba na roba ba ne. In har wanda aka ƙera don ɗaukar jama'a ya kasa, ina ga wanda ƙaya ɗaya ke iya sace wa iska?

Wani zai ce, ai saurayin da ba shi da aikin yi ba ya iya sayen kwalekwale, a bar shi ya fara da abin da ƙarfinsa ya kai. Wannan magana tana da hujja, ba mu kuma ce a hana kowa neman halalinsa ba. Amma a yi lissafi. Mai su na sana'a kullum yana kan ruwa, cikin rana da ƙaya, jirgin roba mai araha ba zai daɗe a hannunsa ba. Samari biyar ko shida da suka haɗa kuɗi suka sayi jirgin katako ko na faiba, sun sami abin da kafinta ko maƙerin gari zai iya gyara musu shekara da shekaru. Shi kuwa ma'aikacin da ke son fita da fatsa ranar Asabar ya kamo karfasar miya, jirgin roba ya dace da shi, muddin ya kiyaye sharuɗɗan da muka ambata.

Saura aikin hukuma. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare da lodi fiye da kima, ta kuma wajabta sa rigar ceto. Amma Lakwaja tana da nisa da Sabke. Masu iya tsai da doka a bakin ruwa su ne hakimai da dagatai da sarakunan ruwa na Masarautar Daura, tare da sashen kula da kifi na Gwamnatin Jihar Katsina. Muna kira gare su da su rubuta sunan duk mai jirgi a kowace madatsa, su haramta ɗaukar fasinja a jirgin roba ko da mutum ɗaya ne, su kuma ƙara sa ido a ranakun Salla da Mauludi. Duk ƙungiya ko ɗan siyasar da zai raba wa matasa kayan su, ya fara da rigar ceto kafin jirgi. Ɗaliban Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura su ma ga abin bincike a ƙofar gida, watau wane irin ƙaramin jirgi ne zai jure wa ranarmu da ƙayarmu, wanda kuma talaka zai iya saye.

Ga mai saye kuwa, shawararmu a taƙaice take. Ka fara koyon iyo, ka sayi rigar ceto ka kuma sa ta, ka je ka gai da sarkin ruwa ya nuna maka inda zurfi yake, sa'an nan ka yi cinikin jirgi. In kuɗinka bai isa jirgi da riga duka ba, to sayi rigar, ka ci gaba da jefa fatsarka daga gaɓa har Allah Ya hore. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kiyaye na baya, amin.