Jikin Matashi da Dokar Ƙwadago

Da zarar an yi hutun makaranta, ɗalibai da dama sukan nufi wajen fasa dutse, ko injin niƙa, ko garejin gyaran mota domin neman na kansu. Wannan abin yabo ne. Sai dai jikin matashi bai gama ginuwa ba. Huhun ɗan Adam yana ci gaba da girma har wajen shekara 20, kuma ƙurar dutse idan ta taru a cikinsa takan bar tabon da ba ya warkewa.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 ta hana sa wanda bai kai shekara 16 ba aikin ƙarƙashin ƙasa, ko aiki da inji, ko aikin da ya wuce awa 8 a yini. Haka kuma ta wajabta wa duk wanda ya ɗauki ma'aikaci ya ba shi sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata 3.

A ganina, malaman kimiyya ne suka fi cancanta su koyar da wannan doka, tunda su ne suka san dalilinta. Kai kuma ɗalibi, kafin a yi maganar kuɗi, ka tambayi abin da za ka riƙa shaƙa, da kuma awa nawa za ka yi kana shaƙarsa.