Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumar NBMA: A Saurari Manoma Kafin a Sa Hannu



Tun da aka kafa hukumarku a 2015, ku doka ta ɗora wa alhakin ba da izini ko hanawa kan duk irin shuka da aka sauya wa ƙwayoyin halitta a Najeriya. Da yardarku waken SAMPEA 20-T na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya fito a 2019, wanda ke jure tsutsar da ke cinye fure da kwanson wake. A farkon 2024 masarar TELA ta biyo baya. Ba a yi nisa ba jita-jita ta cika wayoyi, har Majalisar Wakilai ta nemi a binciki lamarin. Ban rubuto don in yabi irin ko in kushe shi ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake jin ta bakin jama'a.

Tsarin da ake bi shi ne a buga sanarwa a jaridu da Turanci, a ajiye takardun masu neman izini a ofis, a ba da 'yan makonni ga mai ƙorafi. Manomin wake a Bichi ko Gumel yaushe zai ga wannan sanarwa? Sai iri ya iso kasuwa sannan a shirya masa taron wayar da kai, inda masana ke jawabi shi kuma yana tafi. Yarjejeniyar Cartagena da Najeriya ta amince da ita ta tanadi, a sashe na 23, cewa a shawarci jama'a a lokacin yanke hukunci. Shawara kuwa kafin a yanke ake yin ta.

Ba sai kun gina zaure ba, jama'a na taruwa da kansu. Akwai baje kolin Kaduna da na Kano, akwai bikin kamun kifi na Argungu, akwai ranakun da malaman gona ke tara manoma a gonakin gwaji, ga kasuwar hatsi ta Dawanau. Ku kafa rumfa a irin waɗannan wurare, ku zaunar da masani mai jin Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, da magatakarda a gefensa. Ku ware wa mata zama nasu da mace a gaba, domin su ke surfe, su ke niƙa, su ke suya, kuma da wuya su buɗe baki a tsakiyar maza.

Za ku ji tambayoyin da ɗakin gwaji ba ya yi. Zan iya ɗebe iri daga rumbuna in shuka baɗi, ko kullum sai na koma wurin dila? Tumakina za su ci harawar? Ƙosai yana tashi da shi? In maƙwabcina ya shuka, me zai sami gonata? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Burkina Faso ta rungumi audugar Bt da aka sauya wa ƙwayoyin halitta don ta jure tsutsa, ta kuma yi watsi da ita a 2016 saboda zarenta ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwa. Tsutsa ta mutu kamar yadda aka yi alkawari, amma asarar ta ɓullo ta wata ƙofa.

Sai dai a yi hattara, domin wanda ya tsaya a rumfa ba shi ne dukan gari ba. A 2003 Birtaniya ta shirya muhawarar ƙasa kan wannan batu, aka yi tarurruka fiye da 600, mutum wajen 37,000 suka ba da ra'ayi a rubuce. Da aka gwada da wasu mutanen da aka tsamo ba tare da sun kawo kansu ba, sai aka ga masu zuwa taro sun fi su zafin adawa nesa ba kusa ba. Saboda haka, bayan rumfar, ku riƙa zaɓo mutane ta hanyar ƙuri'a daga ƙauyuka da unguwanni, ku biya musu kuɗin mota, su zauna kwana biyu da masu goyon baya da masu suka, su yi tambaya har su gamsu. Kada kamfanin da ke neman izini ya ɗauki nauyin zaman.

Mu a Arewa mun san tsadar rashin yarda. Dakatar da allurar shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004 ta jawo yara da yawa sun nakasa, kuma sai da aka koma aka zauna da sarakuna da malamai kafin aiki ya miƙe.

Roƙona na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Duk abin da kuka tattaro, ku buga shi, ku sa a karanta a rediyo da harsunan da aka faɗe shi: ga abin da manoman Katsina suka ce, ga wanda muka ɗauka muka mai da shi sharaɗin izini, ga wanda muka bari da dalilinmu. Ku fara da takardar neman izini ta gaba da za ta iso teburinku.