Kada Ka Kai Wakenka Duka Kasuwa

Maigida, idan kaka ta yi, gero da dawa sukan shiga rumbu, wake da gyaɗa kuwa su nufi kasuwa. Mun saba cewa hatsi na ci ne, wake na kuɗi. Wannan lissafi yana cutar da 'ya'yanka, yana kuma cutar da aljihunka.

Gero da dawa da masara suna cika ciki, suna ba da ƙarfin aiki, amma abin gina jiki da ke cikinsu kaɗan ne. Na wake ya ninka na gero sau biyu, na waken suya ya fi haka. Abin da hatsi ya rasa yana cikin wake, abin da wake ya rasa yana cikin hatsi. Idan suka haɗu a kwano ɗaya, sukan yi kusan aikin nama. Wake kuma yana taimaka wa mai juna biyu wajen samun jini.

Ƙaramin yaro ne ya fi shan wahala. Har wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Daga nan yana bukatar ƙari, ga shi cikinsa ƙarami. In kunun gero mai ruwa-ruwa kawai ake ba shi, zai ƙoshi amma ba zai girma ba. Shi ya sa da damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, muke yawan ganin yara da kumburin ƙafa, gashi ya yi ja, ba sa wasa. Wannan ba maita ba ce. In ka ga haka, kawo shi asibiti a ranar.

Uwargida, ga abin yi. Auna gero awo 3, wake ko gyaɗa awo 1. Ki soya su sama-sama, a niƙa tare. Ki dama kunu mai kauri, ya dahu sosai, ki zuba ƙaramin cokali na mai. Ki ci gaba da ba da nono.

Za ka ce, ai da kaka ne ake neman kuɗin makaranta, masu bashi ma suna bakin ƙofa. Gaskiya ne. Amma da kaka kowa ke sayarwa, wake ya yi araha. Wanda ka sayar wa zai ajiye, ka dawo ka saya a hannunsa da tsada kafin sabo ya nuna. Sayar da abin da ya zama dole kawai. Harawa ma kuɗi ce da rani. Wake in ya zama ƙosai, gyaɗa in ta zama mai da ƙuliƙuli, ribar tana zama a gida. Gonar da aka shuka wake kuma takan ƙara ƙarfi, hatsin baɗi ya amfana.

In ƙwari kake tsoro, shanya waken ya bushe ƙarau, ka zuba a jarka mai murfi ko buhu mai leda biyu a ciki, ka ɗaure yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwarin za su mutu ba tare da an sa guba ba. Gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa a zubar, tana lalata hanta.

Yusufu ya tanadi hatsi a Masar cikin shekarun yalwa, mutane suka rayu a shekarun yunwa. Kai ma, kafin ranar kasuwa, ku zauna da uwargida ku ware rabon yara tukuna. Abin da ya rage, sai a ɗora wa jaki.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku.