Wai Binciken Rana Aikin Ƙosassu Ne?

A zangunan Salaga da Yandi da Bawku, in yaro ya ce zai karanta kimiyyar sararin samaniya, sai a ce ya je ya nemi likitanci ko akanta, binciken rana aikin ƙosassu ne. Ban yarda ba, kuma masu wannan magana su ne kan gaba wajen kukan waya ta ɓata musu hanya.

Ga abin da ake bincike a kai. Zafin fuskar rana kusan digiri 5,500 ne, amma siririyar iskar da ta lulluɓe ta daga sama, wadda ba a ganinta da ido sai husufi ya cika, ta haura digiri miliyan ɗaya. Kowa ya san in ka ja da baya daga murhu zafi raguwa yake, a nan kuwa ƙaruwa yake. Tun farkon shekarun 1940 da Bengt Edlen na Suwidin ya tabbatar da haka ake ta kai ruwa rana a kan dalilin wannan zafi. Wasu sun bi Hannes Alfven, suka ce igiyoyin maganaɗisu ne ke hawa da ƙarfi daga ƙasa. A 1988 Eugene Parker ya ce ƙananan fashe-fashe ne barkatai, da ke aukuwa idan zaren maganaɗisu ya murɗe ya tsinke. Dole kuma duk bayanin da aka kawo ya nuna yadda iskar ke hucewa har ta dunƙule ta zubo wa rana kamar yayyafi.

To ina ruwan Bawku? Daga wannan iska mai zafi guguwar rana ke tasowa. A Maris 1989 ta kashe wutar lardin Kubek na Kanada awa tara. A Mayu 2024 ta rikita GPS na taraktocin manoman Amurka ana tsakar shuka. Mu kuwa layin tsakiyar maganaɗisun duniya ta yankinmu ya ratsa, inda sararin sama ke hargitsa saƙon tauraron ɗan'adam bayan magariba. Wato muna zaune daidai inda masana ke marmarin kafa na'urorin awo, muna cewa ba namu ba ne.

Gana ta buɗe na'urar sauraron sama a Kuntunse, kusa da Akara, tun 2017. Jami'a na nan a Tamale tun 1992. Salagar da ta karɓi malami Alhaji Umaru daga Kano don ilimi, yau ita za ta hana ɗanta alƙalami da lissafi?