Labarin shasi, a tambayi ƙofa

Duk wanda ya leƙa wuraren sayar da motoci a Kano ko Kaduna zai tarar da su jere suna ƙyalli, dillali kuma yana rantsuwa cewa ko bango ba su taɓa goga ba. Alhali kuwa da yawa daga cikin waɗanda ake shigo da su daga Amurka an saye su ne a gwanjon kamfanoni irin su Copart, inda kamfanonin inshora kan sallama motar da ta yi hatsari idan suka ga kuɗin gyaranta ya kusa kai darajarta. Su sauka a tashar jiragen ruwa a lauye, su kwana biyu a hannun masu gyaran jikin mota, su fito kamar amare. Ban ga laifin wannan sana'a ba, domin ba don ita ba da ƙananan ma'aikata da dama ba su hau mota ba. Abin da ke damuna shi ne muna duba fenti, mu manta da ƙashin da ke ƙarƙashinsa.

Sai an fahimci ginin mota kafin a gane girman lamarin. Irin su Hilux da Land Cruiser suna da shasi daban, wato dogayen ƙarafa biyu da aka ɗora jiki a kansu. Amma Corolla da Camry da Accord, waɗanda su ne motocin yawancinmu, jikinsu shi ne shasinsu, an haɗe su da walda sun zama abu guda. Gaban irin wannan mota da bayanta an ƙera su ne don su murƙushe a lokacin karo, su shanye ƙarfin bugun kafin ya isa ga mutanen da ke ciki. Wani injiniyan kamfanin Mercedes, Béla Barényi, shi ya kawo wannan dabara, aka fara fitar da motoci da ita a 1959. Ƙarfen da aka yi don ya murƙushe kuwa, sau ɗaya yake yin aikinsa yadda ya kamata.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A mota, fuskar ita ce tazarar da ke tsakanin sassan jikinta. Mai karatu ya tsaya gaban motar da rana, a fili mai daidaito, ya bi layin da ya raba bonet da gefen jiki, hagu da dama. A kamfani tazarar ba ta cika wuce milimita 3 zuwa 5 ba, kuma faɗinta ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Idan ta tsuke a sama ta buɗe a ƙasa, ko yatsa ya shiga a dama ya ƙi shiga a hagu, akwai magana. Ya buɗe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Ƙofar da sai an ɗaga ta ko an buga da ƙarfi kafin ta kama, ta faɗi abin da dillali ya ɓoye.

Sai dai a yi adalci, ba kowace karkata ce ke nuna shasi ya taɓu ba. Sau da yawa an canza bamba ne ko murfin gefe da kayan gwanjo na Ƙofar Ruwa ko Panteka, aka ɗaure ba daidai ba. Wannan aikin sifana ne na rabin sa'a. Abin da ke raba ƙaramar matsala da babba yana ciki. A ɗaga bonet, a haska ƙarafa biyun nan da injin ke zaune tsakaninsu: in an ga ƙarfe ya yi tamoji, ko fenti ya tsage ya fara tsatsa a wuri guda, ko walda mai kauri irin ta hannu a inda ya kamata a ga ƙananan ɗigo jere na kamfani, to bugun ya shiga. A cire safaya a duba raminta, don masu kwaskwarima sukan manta da shi. Wanda ke da tef ɗin awo ya auna ɗakin injin a gicciye, daga notin kusurwar hagu ta gaba zuwa takwaransa na dama ta baya, sannan ya juya. Awo biyun su zo ɗaya. Maganaɗisu ma yana tona asirin foti, domin ba ya kama inda aka cika shi da kauri, ko da yake a jikin alminiyam ba ya kamawa ko da lafiya lau ne.

Sauran shaidar tana kan titi. Motar da ke ja gefe guda bayan an yi mata alayimen sau biyu, ko take cinye taya ta gefe ɗaya, ko wanda ke binta a baya ya ga tana tafiya a karkace kamar kaguwa, ba sabon taya take nema ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne wajen gyaran. Na sha ganin an ɗaure mota da sarƙa a jikin bishiya, an hura wa ƙarfen wuta har ya yi ja, ana ja ana bugu har ido ya gamsu. Ƙarafan motocin zamani masu ƙarfi ne na musamman, zafi yana kashe musu wannan ƙarfi, shi ya sa kamfanonin ke cewa a yanke sashen da ya lanƙwashe a sa sabo. Motar da aka gasa za ta yi shekaru tana kai yara makaranta ba wanda ya lura, sai ranar da ta sake karo a hanyar Zariya, a lokacin ne ƙarfen zai naɗe kamar gwangwani.

Saboda haka mai niyyar saye ya karɓi lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda ake gani ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba, ya bincika ta a Carfax ko ma a Google. Sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo, kafin a taɓa ta, suna nan. Ya kuma je da bakanikensa, ba na dillali ba, a hau da motar kan rami a duba cikinta da tocila. Dillalin da ya ce sauri yake, wani mai saye na jira, a bar masa motarsa.